Tambaya game da asalin sunan Florence

Ɗalibar Jinya:
Assalamu alaikum. A makarantarmu ta koyon aikin jinya, duk ranar 12 ga Mayu ana taron tunawa da Florence Nightingale, fitacciyar ma'aikaciyar jinya 'yar Birtaniya, kuma wata malamarmu ta ce sunan wani birni ne aka raɗa mata. Ina roƙon masana su fayyace mini: sunan gari ne ya koma sunan mace, ko dama can yana da ma'anar kansa?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam. Malamarku ta faɗi gaskiya, sai dai da sauran magana. An haifi Nightingale a 1820 a birnin Florence na Italiya, wanda mutanensa ke kira Firenze, lokacin da iyayenta ke doguwar tafiya a Turai, shi ya sa suka sa mata sunan garin. Yayarta ma, wadda aka haifa a birnin Naples na Italiya, Parthenope aka kira ta, wato tsohon sunan da Girkawa suka ba wurin. Amma sunan Florence ya girmi wannan gida da ɗaruruwan shekaru, domin tushensa kalmar Latin ce mai nufin abin da ke fitar da fure ko yake bunƙasa, kuma a da har maza suna amsa shi.

Mai Nazarin Sunaye:
Ranka ya daɗe Malam, zan ƙara da batun farin jinin sunan, wanda a ganina nan ne hannun Nightingale ya fi fitowa. Kafin ta tafi jinyar sojojin Birtaniya a Yaƙin Kirimiya a 1854, ba a cika jin sunan a Ingila ba, amma da labarinta ya cika jaridu sai iyaye suka yi ta raɗa wa 'ya'yansu mata shi, har a 1904 ya zo na biyu a Ingila da Wales, bayan Mary. Daga baya aka ɗauke shi sunan kakanni, ya kusa ɓacewa a tsakiyar ƙarni na ashirin, sannan ya farfaɗo, inda a 2021 ya shiga jerin goma na farko. A gida kuwa Flo ko Florrie ake kiran mai sunan.

Ɗalibar Jinya:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne na maza, domin ban taɓa jin namiji mai wannan suna ba.