Abin da aka tattauna a Samaru kan tsaro da 'yancin jama'a

A zaman da aka yi a Samaru, kusa da Jami'ar Ahmadu Bello, babu wanda ya musa cewa 'yan bindiga gaskiya ne. Mutanen Giwa da Birnin Gwari sun ga tasku. Damuwar ita ce yadda ake fakewa da guzuma ana harbin karsana: da an ce "tsaro", sai kowa ya ja bakinsa.

An tuna 2021, lokacin da gwamnatin Kaduna ta katse layukan waya a wasu yankuna, ta kuma hana hawa babur. Ɗan acaba ya jingine mashin a zaure, mai nakuda ta rasa abin hawa zuwa asibiti. Shawarar da ta fi samun goyon baya: duk matakin gaggawa a tambayi wa'adinsa, da wanda zai duba ko ya yi amfani.

Lauyoyin wurin sun fi daɗewa kan kame. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka tsare kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Dokar ta'addanci ta 2022 ta ba da damar tsawaitawa, amma sai da umarnin kotu. Kama uba a madadin ɗa kuwa, doka ta hana. Iyalin wanda aka kama su rubuta ranar kamun da inda aka kai shi, su garzaya Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa.

Wani dattijo ya ce a yi haƙuri, rai ya fi 'yanci. Ban gamsu ba, domin wanda aka tsare shekara biyu babu shari'a shi ma rayuwarsa ce ta tafi.