Wa ya taɓa zama da masu feng shui? Ku ba mu labari

Ɗan Kwari: Salamu alaikum 'yan uwa. Ɗan Chana da nake saro atamfa a wurinsa ya zo Kano watan jiya, ya leƙa shagona, ya tsaya yana ta kaɗa kai. Wai teburina ya ba wa ƙofa baya, kuma ƙofar ta yi saiti da tagar baya, don haka arziki na shigowa sai ya fice ta taga. Feng shui ya kira abin. Wanda ya taɓa zama da su ya faɗa mana abin da idonsa ya gani.

Na Xiaobei: Wa alaikumus salam Alhaji. Shekara 6 na yi a Guangzhou ina haɗa wa mutanenmu kaya. Ma'anar kalmar iska da ruwa ce. A ganinsu akwai wani ƙarfi, chi, da ke yawo cikin gida, tarkace na tare shi, ruwa kuma na janyo kuɗi. Shi ya sa za ka ga akwatin kifi na gilashi a ofisoshinsu. Ɗan Chanan da nake wa aiki kafin ya kama sabon sito sai da ya ɗauko malaminsu, ya zo da wani faifai mai allura, luopan, ya zaga ko'ina yana aune-aune. Hawa na 4 kuwa ko kyauta ba ya so, don sunan 4 a bakinsu ya yi kama da mutuwa, 8 kuma da arziki. Ku tuna ranar 8 ga watan 8 na 2008 suka buɗe gasar Olamfik a Beijing. Wata rana ina goge tebur na juya mutum-mutumin kwaɗonsa mai ƙafa uku, wanda ke riƙe da kwabo a baki, ya fuskanci waje. Wallahi ranar na sha faɗa, wai na kori kuɗi!

Maman Ummi: Ni a YouTube na gani na gwada. Na kwashe takalma da bokitai daga bakin ƙofa, na janye gado daga saitin ƙofa, na buɗe tagogi. Ɗaki ya yi fes, barci ya yi daɗi. Kuɗi dai har yau shiru, Baban Ummi sai tsiya yake mini.

Injiniya: A Hong Kong har manyan bankuna na ciki. Dogon ginin Bank of China da aka buɗe a 1990 yana da gefuna masu kaifi, mutane suka ce wuƙa ce ke saran maƙwabta. A saman ginin HSBC akwai wasu ƙarafa biyu masu kama da igwa suna kallon ginin Bank of China. Abokin karatuna ya nuna mini su, ya ce martani ne.

Abu Hafsa: Na yi aiki a masana'antar wasu 'yan Chana. An ba ni madubi mai kusurwa takwas in rataya a ƙofar ofis, na ba su haƙuri, ba su tilasta ni ba. Shara da barin iska ta shiga ba laifi, Alhaji. Amma ka ajiye kwaɗo kana jiran ya kawo arziki, nan ka taɓa tauhidinka.

Ɗan Kwari: Na gode Malam, kwaɗo kam ba da ni ba. Teburin dai na juya shi jiya. Ashe shekara da shekaru ban san yarana na barin kwastoma tsaye suna danna waya ba.