"At a loss": yaya ake sa shi a takardar banki?

Ɗan Goronyo: Salamu alaikum malamai. Ɗan kasuwa ne ya sari albasa a Goronyo ya kai Kudu, ya tarar farashi ya karye, ya sayar da faɗuwa. Yanzu zai rubuta wa banki da Turanci a ƙara masa wa'adin biyan bashi. Wanne ne daidai, "I sold at lost" ko "I am at a loss"?

Malama ta Mabera: Wa alaikumus salam, ƙanena. Duk ba su yi ba. Ya rubuta "I sold the onions at a loss". Sai an fara kawo aikatau na ciniki, irin su sell, run ko operate, sannan at a loss yake nufin faɗuwa. Da zarar ya biyo bayan am ko was, magana ta canza: "I am at a loss" na nufin na rasa yadda zan yi. Manaja zai ɗauka mutumin ruɗewa ya yi, alhali jarinsa ne ya taɓu. "At lost" kuwa babu shi sam. Loss suna ne, lose aikatau, lost ga abin da ya riga ya faru. Kada kuma a yar da "a" ɗin da ke tsakiyar at a loss.

Tsohon Akanta: Malama ta gama magana, sai dai banki lamba yake so. A ce buhu 40 ne, kowanne ya tsaya masa ₦50,000 har da kuɗin mota da na dako, ya sayar ₦42,000. Faɗuwar ₦8,000 ke nan a buhu, sai ya rubuta "at a loss of ₦320,000". Inda mutanenmu ke tuntuɓe: wanda ya sa ran ribar dubu goma ya samu dubu uku bai sayar at a loss ba, ribarsa ce ta ragu. In kuma albasar ruɓewa ta yi a rumbu ba a kai ga sayarwa ba, "I suffered a loss" zai ce, tunda ba a yi ciniki ba.

Ɗalibar Danfodiyo: Baba Akanta, a ƙara da loose mai o biyu, ma'anarsa sako-sako, ba ruwansa da asara. In kuwa dillali ne ya cinye masa kuɗin, wannan damfara ce, "I was defrauded" ake rubutawa, a haɗa da rahoton 'yan sanda.