Setin bawul: wa ya san bakanike mai fila gej?

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Roba-robata ta fara wata ƙara ta wajen kan inji, tik-tik-tik kamar keken ɗinki, musamman da safe. An ce setin bawul ne. Don Allah wa zai haɗa ni da mai gyara na kirki a nan Kaduna?

Mai Boxer: Wa'alaikumus salam. Fara duba baƙin mai tukuna.

Baban Ummi: Satin da ya wuce na juye.

Tsohon Ɗan Acaɓa: Ƙanena, tsaya ka ji abin da ya same ni kafin ka kai ta ko'ina. Shekarun baya ina jan wani mashin ƙirar CG 125, na haya ne, kullum da yamma ina kai balas. Ya fara irin wannan ƙarar. Na sauke fasinja na shiga wani gareji, injin da zafinsa har yaron sai da ya naɗe hannu da tsumma kafin ya kwance murfin. Ya yi ta ɗaure noti yana sauraro har ƙarar ta ɗauke ɗif. Na ji daɗi, har ihsani na ƙara masa. Bayan kamar sati biyu mashin ya fara gardamar tashi, kik ya yi laushi kamar ba komai a ciki, in ya ɗau zafi kuma ba ya tsayawa a silo. Na canza fulogi sau biyu, aka wanke kafireta, duk a banza. Ranar da ya ƙare ni muna tsakanin Zariya da Funtuwa, ƙarfi ya tafi gaba ɗaya, na tura shi da ƙafa ina zufa. Da aka buɗe kan injin sai ga bawul na salansa ya ƙone, gefensa ya cinye. Wani dattijon bakanike ne ya fahimtar da ni: bawul ɗin nan yana sauke zafinsa ne lokacin da ya zauna daram a mazauninsa. In an matse shi babu rata, ƙarfe ya ɗau zafi ya miƙe, ba zai rufe sosai ba, wuta ta riƙa bi ta gefe tana cinsa. Na sayi bawul, na sayi gaskit, na biya kuɗin gurzawa, kwana uku ban fita aiki ba ga mai mashin yana jiran kuɗinsa. Tun daga ranar ba na yarda a taɓa min bawul sai inji ya kwana ya huce, kuma sai na ga fila gej, abin auna ratar bawul, da idona.

Ɗan Maraɗi: Allah ya mayar da alheri Baba. Mu ma nan masu Kasea haka ake mana.

Oga Na Gareji: Ba duka muka taru muka zama ɗaya ba. Ku ne za ku zo da fasinja a baya kuna cewa a yi sauri. Baban Ummi, in inji ƙirar Honda Cub ne, ratar milimita 0.05 ake ba bawul ɗin duka biyun. Na CG kuma 0.08. Amma littafin mashin ɗinka shi ne gaba da maganata.

Mai Boxer: Wane littafi Oga? Na hannu muke saye.

Autan Mama: Ni bakanikena da reza yake aunawa, shekara huɗu ba matsala.

Oga Na Gareji: Kaurin reza kusan 0.1 ne, ninki biyu ke nan na abin da roba-roba take so. Ba zai ƙone ba, amma ƙara da raguwar ƙarfi suna nan. Nawa fila gej ɗin take da ba za a saya ba?

Mai AX100: Mu dai ba ruwanmu, injinmu ba bawul, sai mai da hayaƙi.

Autan Mama: Shi ya sa maƙwabta suka daina gaishe ka.

Mai AX100: Zo mu ɗauki buhu biyu mu hau tudu mu ga.

Malamin Firamare: Ni da kaina nake yi. Ka cire fulogi, ka juya magneto har alamar T ta zo daidai da zanen jikin murfi. Ka kula, T ɗin tana zuwa sau biyu, wadda ake so ita ce in ka girgiza roka, wato ƙarafan da ke danna bawul, duka biyun suna ɗan motsi. Sifana lamba 9 ce a tawa. Fila ta shiga tana ɗan ja kaɗan. In ka ɗaure notin ka sake aunawa, don wajen ɗaurewar ratar take gocewa. Littattafan Honda sun ce inji ya kasance ƙasa da digiri 35.

Basakkwace: Ƙasa da 35? To mu a watan Afrilu sai dai da asuba.

Oga Na Gareji: Da asubar dai ake yi. A bar mashin ya kwana a gareji.

Mai Boxer: Ya kwana a zuƙe min fetur? Haba Oga.

Oga Na Gareji: Kawo shi da tanki a bushe, ai dama haka kake yawo da shi.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai. Amma har yanzu ba wanda ya ba ni bakanike.

Malamin Firamare: Ka shiga Panteka ka sayi fila gej ɗinka, ka riƙe ta a aljihu. Duk garejin da ka je ka miƙa musu, ka tsaya a wajen. In bayan seti ƙarar ba ta ragu ba, a duba tayimin cen.

Ɗan Maraɗi: Oga, cen ɗin in ya saki ana ɗaurewa ne ko sai an canza?