Shafin ƙungiyar manomanmu: .com.ng ko .com?

Sakataren manoman riɗi, Maigatari:
Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta manoman riɗi da zoɓo ta yanke shawarar buɗe shafin intanet domin masu saye su riƙa samunmu kai tsaye, ba sai ta hannun dillalai ba. Abin da ya tsayar da mu shi ne ƙarshen adireshin, wato ko mu ɗauki .com.ng wanda ke nuna Najeriya, ko .com wanda bai danganci wata ƙasa ba. Masu sayenmu a yanzu 'yan kasuwar Dawanau ne da wasu daga Legas, amma muna fatan masu kai zoɓo Meziko su ma su gan mu idan sun yi bincike a Google. Ranar Alhamis bayan an tashi kasuwa zan kai wa dattawa rahoto, saboda haka ina neman shawarar wanda ya taɓa yi da kansa.

Mai shagon buga takardu, Gumel:
Wa alaikumus salam. Malam Sakatare, ku ɗauki .com kawai, domin shi kowa ya sani. Naira 22,000 na biya bara, kuma ban yi nadama ba.

Malamin kwamfuta, Dutse:
Ɗan'uwa na Gumel bai dubi inda masu sayen suke ba. Google yana ɗaukar ƙarshen adireshi na ƙasa a matsayin alamar cewa an yi shafin ne domin mutanen wannan ƙasa, don haka .com.ng yana taimakawa idan mai binciken yana Kano ko Legas, amma ba ya ƙara muku komai a wurin wanda ke Meziko. Shi kuwa .com, wanda ake amfani da shi tun 1985, ba ya ɗaure ku da kowace ƙasa, sai dai Google ya gane inda kuke daga adireshin mazauninku da lambar wayar da kuka rubuta da kuma shafukan da ke ambatonku. Hukumar NiRA ce ke kula da .ng, kuma da naira ake biya, alhali asalin farashin .com da dala ake lissafa shi. A ganina tunda cinikinku na yau a gida yake, ku fara da .com.ng, idan da hali ku sayi .com ɗin ku sa ya riƙa tura mutane zuwa na farkon.

Mai casar shinkafa, Haɗeja:
Malam Sakatare, kafin ka damu da ƙarshen adireshi, ka tambayi da sunan wa za a yi rajistar. Ni na ba wani matashi Naira 85,000 ya yi mini shafi da adireshi, na buga adireshin a buhuna dubu biyu da allon bakin injina. Shafin ya yi aiki har mutane daga Kaduna suna kirana. Da shekara ta zagayo sai shafin ya mutu, ashe da sunansa da imel ɗinsa ya yi rajistar, duk saƙonnin gargaɗi shi suke zuwa wa, kuma a lokacin ya bar garin, wayarsa ba ta shiga. Na je wurin kamfanin da aka yi rajistar, suka ce ba ni da takardar da ke nuna nawa ne. Bayan wasu watanni wani ya saye adireshin, yanzu tallan caca ne a kansa, kuma buhunana masu ɗauke da sunana suna nan suna yawo a kasuwanni. Surukina ne ya fara gani ya kira ni, har yau ina jin nauyin wannan kiran. Ku sa sunan ƙungiya da imel ɗin da ku kuke riƙe da shi, ku karɓi kalmar sirri a hannunku ranar da kuka biya.

Mai shagon buga takardu, Gumel:
Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Amma 85,000 an yi maka tsada ƙwarai, adireshi bai kai rabin haka ba.

Ɗalibi daga Ringim:
Ni Naira 6,500 na biya na .com.ng, wani abokina kuma ya ce a kyauta aka ba shi a shekarar farko saboda ya sayi wurin ajiye shafi. Baba na Haɗeja kuɗin aikin zanen shafi ne ya haɗa.

Dillalin hatsi, Dawanau:
Da girmamawa ga Malamin Dutse, shi koyarwa yake yi, bai taɓa sayar da buhu ko ɗaya ta intanet ba. Shekara ashirin ina wannan kasuwa, kuma ban taɓa ganin Bature ko ɗan Indiya ya sayi tirela guda saboda adireshi ba, sai ya turo wakili ya duba kayan. Idan adireshi ne ke kawo ciniki, to a nemo mana wanda ya ƙare da .zoɓo mu huta gaba ɗaya.

Malamin kwamfuta, Dutse:
Alhaji, ban musa gogewarka ba, amma tambayar da aka yi ta fitowa a bincike ce, kuma shafuka huɗu na buɗe wa makarantu da 'yan kasuwa da hannuna. Wakilin da kake magana ma sai ya san inda zai dosa kafin ya taso.

Manomin zoɓo, Babura:
Ni damuwata dabam ce. A ƙauyenmu sai mutum ya hau tudu kafin ya tura hoto ɗaya, kuma idan ka matsa kusa da iyaka sai wayarka ta kama layin Nijar kuɗinka su zube. Wane ne zai riƙa amsa saƙon masu saye a wannan hali, ko da shafin ya fito a sahun farko?

Sakataren manoman riɗi, Maigatari:
Na gode muku duka. Batun rajista da sunan ƙungiya na rubuta shi, Alhaji. Maganar rashin sabis kuwa gaskiya ce, mu ma makon jiya kwana uku ba mu iya tura kuɗi ta waya ba, har wani mai saye ya juya da motarsa babu kaya. Yaya na Babura, wane layi ne ya fi kamawa a wajenku?