Baba na so ya sayar wa masu gawayi da itatuwan gonarmu, wai bishiya na rage ɗumamar yanayi da gaske?

Ɗan Gumel:

Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina da tambaya, kuma ba ta gwaji ba ce, abu ne da ya dame ni kwana biyu. Muna da gona a gabas da gari wadda muka gada tun daga kakanmu, a cikinta akwai gawo guda shida manya da ƙirya biyu da wata tsamiya a bakin iyaka. Satin da ya wuce wasu masu gawayi suka zo suka taya ƙiryar da gawon gaba ɗaya, Baba kuma ya fara karkata saboda ga kuɗin taki ga hidimar auren ƙanwata bayan sallah, wallahi ban ga laifinsa ba don na san halin da ake ciki.

Ni dai raina bai so ba. Na ce masa Baba ai bishiya tana rage zafin nan da ake fama da shi, kullum a rediyo ana maganar sauyin yanayi, sai ya dube ni ya ce to bishiya tara ce za ta gyara duniya? Ya kuma tuna mini abin da ya faru shekara uku da suka wuce, da aka zo makarantar firamaren unguwarmu aka yi bikin dashe, aka dasa darbejiya ɗari biyu, mu matasa muka haƙa ramuka da hannunmu, manya suka zo aka ɗau hotuna aka watse. Babu shinge babu mai ban ruwa, kafin wata uku awaki sun cinye rabi, bazara ta ƙarasa sauran. Yanzu in ka je guda bakwai za ka ƙirga. Gaskiya na rasa amsar da zan ba shi.

To masu ilimin abin ku taimaka, ta yaya bishiya take rage ɗumamar yanayi, kuma akwai inda aka taɓa yi aka ga amfani ido da ido? Ina son abin da zan faɗa wa Baba ya gamsu, ba irin bayanin taro ba.

Na Agye:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni daga jihar Maraɗi nike, kuma tambayarka ta biyu mu ne amsarta, in kana da hali ka shigo mota ka taho ka gani, gani ya kori ji.

Ina yaro lokacin yunwar 1984, wadda mu nan ake ce ma El Buhari. Ƙasarmu ta koma fili fetal, in ka hau tudu sai ka hango gari na gaba babu abin da ya tare maka ido. Iskar farkon damina in ta taso da rairayi sai ta binne yabanya ko ta yanke ta kamar da reza, mahaifina sai ya yi shuka sau uku ko huɗu a damina guda kafin hatsi ya kama. Su ma foroje, wato ayyukan raya karkara na gwamnati da ƙungiyoyi, sun dasa itatuwa ba adadi a lokacin, mafi yawa suka mutu, daidai irin labarin makarantarku.

Wani bature ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo da yake aiki a Maraɗi, a 1983 ya lura da abin da yake gabanmu kullum. Ƴan tsire-tsiren nan na sabara da kalgo da magarya da muke sassabewa mu ƙone kafin shuka, ashe toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare tun da daɗewa, saiwarsu tana nan da rai can ƙasa ta riga ta kai ga laima. Sai aka ce kar a aske su duka, a kowane kututture a zaɓi reshe biyu ko uku ko biyar mafi ƙarfi a bari, a yanke sauran, a yi musu aski su miƙe sama. Shi ne muke kira sassabin zamani. Ba sayen iri, ba ban ruwa, adda kawai. Reshen da yake zaune kan tsohuwar saiwa a shekara biyu sai ya fi mutum tsawo, shi kuwa dashen leda yana nan yana neman ransa.

Da farko mutane sun ƙi, ana ce ma mai yi ƙazamin manomi, wasu sun yi ne don ana ba da abinci a madadin aiki, yunwa na wucewa da yawa suka sare. Amma waɗanda suka bari sun samu itacen girki a gona, sun samu abincin bisashe da rani, iska ta rage cin yabanya, maƙwabta suka kwaikwaya. Daga baya da masana suka kwatanta hotunan sama na 1975 da na bayan shekara ta 2000 sai aka ƙiyasta hekta miliyan 5 ta farfaɗo a Maraɗi da Damagaram, itatuwa kamar miliyan 200. In ka bi ta Magarya da Matamai da Mirya za ka ga gawo iya ganinka a cikin gonakin hatsi.

Abu ɗaya da ya sa abin ya tsaya shi ne mallaka. Da can itace na gwamnati ne ko da a gonarka yake, in ka sare reshe ma'aikatan daji su ci ka tara, to wa zai reni abin da ba nashi ba? Da aka sassauta manomi ya san nashi ne, sai ya tsare shi kamar akuyarsa. A ƙauyen Ɗan Saga nan kusa da mu har kwamiti aka kafa na tsaron itatuwa, da mata da Fulani makiyaya a ciki.

Ka gaishe min da Baba, ka ce masa ya bar gawon nan don Allah.

Malama Talatu:

Na Agye ya gama da ɓangaren gani da ido, bari in ɗan taɓa tambayar farko tunda ita nake koyarwa a sakandare.

Babban abin da yake ɗumama duniya iskar kabon ce da take fita in an ƙona fetur da gas da kwal da itace, tana taruwa a sama tana riƙe zafin rana kamar yadda bargo yake riƙe ɗumin jiki. Ita bishiya wannan iskar ce abincinta, tana shaƙar ta ta ganye, ta haɗa da ruwa da hasken rana ta gina jikinta. In ka busar da itace ka auna, kusan rabin nauyinsa kabon ne da aka zuƙo daga sama. Wato gawon nan shida na Baba rumbu ne, shekara da shekaru suna tarawa a gangar jiki da saiwa, ganyen da ya zuba ya ruɓe shi ma yana ƙara ajiya a cikin ƙasa. Ranar da aka yi gawayi da su aka ƙona an fasa rumbun, mafi yawan abin da yake ciki ya koma sama. Kuma ramin gawayi irin na gargajiya yana da ɓarna sosai, sai an ƙona itace kilo biyar zuwa goma kafin a samu kilo ɗaya. A duniya gaba ɗaya dazuzzuka da ƙasa suna shanye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kabon ɗin da mutane suke fitarwa duk shekara, da babu su da zafin ya wuce haka.

Amma kar in ɓoye maka, Baba yana da gaskiya ta wani gefen. A 2023 masu bincike tare da hukumar NASA ta Amurka sun ƙirga itatuwan busasshen yankinmu da hotunan tauraron ɗan'adam, daga bakin tekun Atilantika har Bahar Maliya, suka samu kusan biliyan 10, kuma duk kabon ɗin da suke riƙe da shi bai kai tan biliyan ɗaya ba. Duniya kuwa a shekara guda tana fitar da kusan tan biliyan 10 daga mai da kwal da gas. Ka ga ko mun cika Sahel da itace ba zai rufe ɓarnar masana'antun Sin da Amurka da Turai ba, dole sai sun rage hayaƙinsu. Afirka duka ba ta kai kashi 4 cikin ɗari na wannan hayaƙin ba amma mu muke shan fari da ambaliya, wannan abin yana ci mini rai duk sanda na zo koyar da shi.

Saboda haka ni in zan yi wa Baba magana ba da duniya zan fara ba, da gonarsa zan fara. Gawo damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa lokacin da yake buƙatar rana, ganyen ya zama taki a daidai kan gaɓa, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa sinadarin nan da ake saye a buhun yuriya. Da rani ya yi kore ya zubo da 'ya'ya, dabbobi su kwanta a inuwarsa su bar kashi. Ka tambaye shi ina hatsi ya fi kyau a gonar, shi da kansa zai ce maka gindin gawo.

Abu Sadik Funtuwa:

Malama Allah ya ƙara ilimi, amma ni akwai abin da yake ƙona min rai a irin wannan maganar. Kullum talaka ake cewa kar ya sare itace. To da me matarsa za ta dafa tuwo? Tun da gas ya yi tsada gidaje nawa a birni suka ajiye tukunyar gas suka koma gawayi, ku tsaya a bakin titi da yamma ku ƙirga motocin da suke shigowa Kano da Kaduna shaƙe da buhuna. Mai sarar nan ba mugu ba ne, yunwa ce ta kai shi daji. Ga shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar tun 2007, wai za a ja layin itatuwa kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti, mu a Najeriya har hukuma aka kafa masa a 2015 don jihohi 11 na arewa, amma rahoton da aka fitar a 2020 ya nuna kashi 4 cikin ɗari kacal na abin da aka yi niyya aka cimma a cikin yankin ganuwar. In manya da kuɗinsu haka suka yi, me ya sa za a ɗora wa dattijo mai neman kuɗin auren 'yarsa nauyin duniya?

Maman Ilham:

Malam Abu ka faɗi gaskiya kan girki, mu mata mu muka san zafin abin. Ina yarinya a ƙauyenmu bayan gida kaɗan muke zagayawa mu dawo da dami, da na je ganin gida bara sai na tarar yara suna fita tun asuba ba sa dawowa sai azahar, wasu gidajen ma da kara da kashin shanu suke girki, abin da ya kamata ya zauna a gona ya zama taki. Gonar ta ƙara mutuwa kenan. Shi ya sa abin da Baba Na Agye ya faɗa ya shige ni, in itacen yana gonarka kana yi masa aski duk shekara ai ka samu na girki ba tare da ka kashe uwar ba. Ni kuma tun da na sayi murhun nan mai rage cin gawayi buhu yana kai mini kusan ninkin kwanakin da yake yi da.

Ɗan Gumel ka tuna wa Baba hadisin nan da ya zo a Buhari da Muslim, cewa babu musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci, face ya zama sadaka a gare shi. Kakanku da ya bar muku gawon nan har yanzu ladansa yana gudana.

Na Agye:

Malam Abu ba mu saɓa ba, ni ma ban ce talaka ya kwana da yunwa don bature ya ci gaba da tuƙa motarsa ba. Abin da nike cewa kuɗin gawayi sau ɗaya ake cinsu, gawo kuwa kafin ya kai girman na gonarsu sai an yi shekaru talatin ko fiye. Tsofaffinmu na ba da labarin cewa a zamanin sarakunan Damagaram wanda ya sare gawo ba da izini ba hukuncinsa kisa ne, sun san darajarsa tun kafin a ƙirƙiro kalmar sauyin yanayi. Su kansu masu ganuwar daga baya sun gane layin dashe ba ya yi, suka koma ga irin aikinmu da haƙa tassa, wato ƙananan ramukan shuka, da ramuka masu siffar rabin wata a kan fako don ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa, irin aikin da marigayi Yakuba Sawadogo ya yi suna da shi a Burkina Faso.

Ƙanena ga shawara ta kusa. In dole sai an samu kuɗi, a sassare manyan rassan da suka bushe ko suka yi nauyi a sayar, a bar uwar. A tara 'ya'yan gawon a buhu a kai kasuwa, masu kiwo suna saye da rani. Sannan bana in kun zo sharar gona ka zagaya da adda kai da kanka, duk inda ka ga kututture ya yi toho ka zaɓi masu ƙarfi ka bari, ka ɗaura musu ƙyalle ja don masu aiki su san ba na sara ba ne. Ka yi yankan daga ƙasa zuwa sama kar ɓawon ya tsage.

Ɗan Gumel:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan la'asar na bi Baba gona, ban yi masa maganar duniya ba, tambayar Malama kawai na yi masa, ina hatsi ya fi kyau. Bai ce komai ba ya nuna gindin babban gawon da sandarsa. Mun daɗe a tsaye a wurin. A ƙarshe ya ce an fasa sayar da gawon, amma ƙirya ɗaya wadda ta fara ruɓewa ta ciki zai sayar, ɗayar a bari, sauran kuɗin kuma za mu sayar da tunkiya biyu ni ma zan kawo abin da na tara. Na so a bar duka amma ban ja da shi ba. Da muka zagaya na ƙirga kututture goma sha huɗu masu toho, yawanci kalgo da sabara, sai aduwa guda biyu. Baba Na Agye tambaya ɗaya ta rage, shi kalgo reshe nawa ake bari a shekarar farko, kuma yanzu zan yi askin ko in jira saukar ruwa?