Ta Yaya Hankali Yake Sabuntuwa, Alhali Tsohon Tunani Bai Daina Zuwa Ba?

Mai Neman Haske:

Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. Tambayata a kan Romawa 12:2 take, inda Manzo Bulus ya gargaɗe mu kada mu biye wa zamanin nan, sai dai halinmu ya sāke ta wurin sabunta hankali. Tun da aka yi mini baftisma na bar maye da zage-zage, ba na kuma fashin sujada, amma zuciyata ba ta bi sahu ba. Akwai wanda ya ci amanata, kuma ko ina durƙushe ina addu'a sai in tsinci kaina ina shirya maganar da zan yaɓa masa ranar da muka haɗu, har ina jin daɗin yadda zai rasa bakin amsawa. Shin zuwan irin wannan tunani zunubi ne? Sa'an nan sabuntawar nan aikina ne, ko kuwa aikin Ruhu Mai Tsarki ne da zan zauna in jira?

Tsohon Malami:

Ɗana, zuwan tunani daban, ba shi masauki daban. Ibraniyawa 4:15 ta ce an jarabci Ubangijinmu ta kowace hanya kamar mu, amma bai yi zunubi ba, Yakubu 1:15 kuma ya nuna cewa sai sha'awa ta yi ciki kafin ta haifi zunubi. Efagiriyus, wani mai ibada da ya zauna a hamadar Masar ya rasu a shekara ta 399, ya lissafa miyagun tunani 8 da suke addabar mai bi, fushi yana cikinsu, ya koyar cewa zuwansu ba a hannunmu yake ba, amma daɗewarsu a hannunmu take. Sai dai kada in ɓoye maka gaskiya: da ka ce kana jin daɗin abin, ka riga ka shimfiɗa wa baƙon nan wurin kwana, kuma nan ne wurin tuba.

Kuskuren da yawancinmu muke yi shi ne ƙoƙarin korar tunani da ƙarfin tsiya ba tare da mun sa wani abu a gurbinsa ba. Yesu ya yi kashedi a Matiyu 12:43-45 game da gidan da aka share aka ƙawata amma aka bar shi ba kowa, har aljanin ya komo da waɗansu bakwai da suka fi shi mugunta. Dubi yadda Bulus ya tsara maganarsa a Afisawa sura 4. Bai tsaya a kan cewa ɓarawo ya daina sata ba, ya ce ya yi aiki da hannunsa domin ya sami abin da zai ba mabukaci. Maƙaryaci ya faɗi gaskiya, mai ruɓaɓɓiyar magana ya faɗi abin da zai gina mai sauraro. Kowace tuɓewa tana tafe da abin yafawa. Naka abin yafawar yana Matiyu 5:44. Duk sa'ad da mutumin nan ya faɗo maka a rai, ka ambaci sunansa a gaban Allah, ka roƙa masa takamaiman alheri: lafiyar iyalinsa, albarkar aikinsa, tubansa.

Baiwar Ubangiji:

Baba, a gafarce ni, ina da ɗan tsoro game da wannan shawara, ko da yake kowace aya da kuka kawo tana kan hanya. Tsorona shi ne kada ɗan'uwanmu ya mai da ita dabara, ya riƙa jera addu'a da haddar ayoyi yana ƙidaya nasararsa. Shugabannin Yahudawa sun ƙware wajen binciken Littattafai, duk da haka Yesu ya ce musu a Yahaya 5:39-40 sun ƙi zuwa wurinsa su sami rai. Sabuwar zuciya kyauta ce, Allah ne ya yi alkawarinta a Ezekiyel 36:26-27, Titus 3:5 kuma ta danganta sabuntawa ga Ruhu Mai Tsarki. Agustin, wanda daga baya ya zama babban malamin ikkilisiya, ya daɗe da sanin gaskiya yana kasa binta, sai a shekara ta 386, a wani lambu a birnin Milan, da ya karanta Romawa 13:13-14, igiyar da ta ɗaure shi ta tsinke.

Kada mu manta cewa kafin Bulus ya kai sura 12 ta Romawa, ya cika surori 11 yana bayyana jinƙan Allah, kuma saboda jinƙan nan ne ya fara roƙonsa. Ɗan'uwa, ni shawarata ka zauna da misalin bawan nan na Matiyu 18. An yafe masa talanti 10,000, shi kuwa ya shaƙe wuyan abokin bautarsa saboda dinari 100. Dinari ɗaya ladan yini ne na ɗan ƙodago, talanti ɗaya kuwa ya kai kimanin dinari 6,000. Dinari 100 ba ƙaramin kuɗi ba ne, ya haura ladan wata uku, wato Yesu bai raina cutar da aka yi maka ba. Amma muddin bashin da kake bi ya fi wanda aka yafe maka girma a idonka, hankalinka yana nan inda yake.

Ɗan Zumunci:

A ganina Baba da 'yar'uwarmu ba su saɓa wa juna ba, domin Filibiyawa 2:12-13 ta haɗa biyun a numfashi ɗaya: mu yi ta aikin cetonmu da tsoro da rawar jiki, gama Allah ne yake aiki a cikinmu, mu yi nufi mu kuma aikata. Wanda ya ce sai zuciyarsa ta huce zai yi biyayya yana iya jira har furfura, alhali Yahaya 7:17 ta sa niyyar aikata nufin Allah gaba da ganewa.

Abin da zan ƙara shi ne, ɗan'uwa, ka duba abin da yake ciyar da fushin. Mutum nawa ka ba labarin? Duk lokacin da ka maimaita shi, ƙara masa ƙarfi kake yi, Karin Magana 17:9 ma ta yi gargaɗi a kan mai tone-tonen magana. Haka nan komawa karanta tsofaffin saƙonninsa a waya da dare. Idan kuma mutumin mai bi ne, Matiyu 18:15 ta umarce ka ka je ka same shi, ku biyu kaɗai. Maganar da kake shiryawa a kan gwiwoyinka tana iya zama alamar cewa akwai wadda ya kamata ka faɗa masa ido da ido cikin tawali'u, amma ka guje mata.

Mai Neman Haske:

Na gode ƙwarai. Baba, abu ɗaya ya rage mini. In na roƙa masa albarka alhali raina ba ya so, ba munafunci ke nan ba? Kuma dole ne in sāke amince masa kamar dā?

Tsohon Malami:

Munafunci shi ne ka nuna wa mutane abin da ba ya cikinka domin su yabe ka. Kai kuwa a ɗakinka kake, gaban wanda ya san zuciyarka, don haka ka faɗa masa gaskiya cewa ba ka so, amma kana yi ne domin ya umarta, kamar uban yaron nan na Markus 9:24 da ya ce ya ba da gaskiya, ya kuma roƙa a taimaki rashin bangaskiyarsa. Gargaɗin 'yata ma yana kan daidai, ka riƙe shi tare da nawa.

Batun amana kuwa, gafara wajibi ce a kanka tun yau, amma sāke danƙa masa sirrinka ko dukiyarka yana jiran ka ga 'ya'yan tuba a rayuwarsa. Romawa 12:18 ta ce in mai yiwuwa ne, iyakar abin da yake hannunka, ka yi zaman lafiya da kowa. Idan ka je ka same shi ya ƙi saurara, ka sanar da fastonka ko wani dattijon ikkilisiya kafin ka ɗauki mataki na gaba, wanda aya 16 ta Matiyu 18 ta bayyana: ka koma tare da mutum ɗaya ko biyu.